Shafa Mai ga Marasa Lafiya

Shafa mai ga marasa lafiya (da Latin: Unctio infirmorum) ɗaya ne daga cikin sakramenti bakwai na Cocin Katolika. A cikinsa, firist yana ɗora hannu a kan Kirista mai fama da ciwo mai tsanani ko raunin tsufa, ya yi masa addu'a, sannan ya shafa masa man da aka sa wa albarka a goshi da tafin hannu. Cocin tana koyar da cewa ta wannan hanya majinyaci yana samun ƙarfin zuciya da natsuwa da gafarar zunubi, wani lokaci har da warakar jiki idan Allah ya ga hakan ne alheri a gare shi. Shekaru ɗaruruwa an san shi da sunan "shafawar ƙarshe", sunan da ya sa mutane da yawa suke ɗaukarsa a matsayin alamar ajali ya zo. Tun daga shekarar 1963 Cocin take ƙoƙarin gyara wannan fahimta. Gyaran yana da muhimmanci musamman a wuraren da Katolika ba su da yawa kuma firist yana nesa, irin su Tambuwal da Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato.

Suna

Fi'ilin "shafa" a Hausa yana sauya ma'ana gwargwadon wasalin da ya ƙare da shi. "Ya shafa masa mai" na nufin ya sa masa mai a jiki. "Abin ya shafe shi" na nufin abin ya taɓa shi ko ya dame shi. "Ya shafe rubutu" kuwa gogewa ce. Masu fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa sun yi amfani da "shafe" wajen keɓe sarki ko firist da mai, daga nan aka samu kalmar "Shafaffe". Ma'anar sunan Almasihu ke nan: tushensa a Ibrananci da Larabci shi ne shafawa, kuma daga wannan tushe na Larabci aka samu kalmar da malaman fiƙihu ke fassarawa da "shafar kai" a babin alwala. Sunan Kristi ma, daga Girkanci, ma'anarsa wanda aka shafa wa mai.

Tsohon sunan sakramentin a Latin shi ne Extrema unctio, wato shafawar ƙarshe. Ya bazu ne a ƙarni na 12. Wasu masana suna ganin asalin ma'anarsa ita ce shafawa ta ƙarshe a jerin shafe-shafen da Kirista ke samu a rayuwarsa, bayan ta baftisma da ta tabbatarwa. Talakawa dai ba haka suka ji sunan ba. A kunnensu, "ƙarshe" ƙarshen numfashi ne.

Tushensa a Littafi Mai Tsarki

Nassi biyu Cocin ta fi dogara da su. Na farko yana cikin Bisharar Markus 6:13, inda aka ba da labarin cewa manzanni goma sha biyu da Yesu ya aika sun shafa wa marasa lafiya da yawa mai, suka warke. Na biyu, wanda shi ne ginshiƙi, yana cikin Wasiƙar Yakubu 5:14–15. A can an umarci marar lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a suna shafa masa mai da sunan Ubangiji, tare da alkawarin cewa addu'ar bangaskiya za ta cece shi, kuma za a gafarta masa zunubansa.

Saɓanin da ke tsakanin Katolika da sauran ɗariƙun Kirista ya rataya ne a kan kalma ɗaya ta wannan nassi. Kalmar Girkanci da aka fassara da "dattawa" ita ce presbyteroi. Katolika suna cewa ana nufin waɗanda aka naɗa, wato bishop da firist. Furotesta da yawa suna cewa ana nufin shugabanni ko manyan jama'ar coci kawai. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, kalmar "firist" ta Hausa ita kanta jikar presbyteros ce: ta bi ta Latin, ta shiga Ingilishi, sannan Hausa ta aro ta.

Tarihi

A ƙarnonin farko, abin da aka fi ba muhimmanci shi ne albarkar da bishop ke sa wa man, ba wanda zai shafa shi ba. Akwai addu'ar sa wa mai albarka a cikin wani tsohon littafin tsarin ibada da ake dangantawa da Hippolytus na Roma, na wajen ƙarni na 3. A shekarar 416, Fafaroma Innocent na I ya rubuta wa Decentius, bishop na Gubbio a Italiya, wasiƙar da ta nuna cewa a wancan zamani ba firist kaɗai ba, har Kiristoci na gida suna iya amfani da man da bishop ya tsarkake, su shafa wa kansu ko iyalansu. A ƙarni na 6, Caesarius, bishop na Arles a ƙasar da ake kira Faransa a yau, ya riƙa yi wa mabiyansa wa'azi su zo coci su karɓi man maimakon zuwa wurin bokaye da masu layu.

Al'amarin ya sauya daga ƙarni na 9. Gyare-gyaren da aka yi a daular Charlemagne da magadansa sun mayar da shafawar aikin firist kaɗai, kuma aka haɗa ta da tuban da mutane suke jinkirtawa har sai sun kwanta ciwon ajali. Sannu a hankali sai ta zama ibadar bakin kabari. Camfe-camfe suka taso a kanta. A wasu sassan Turai an yi imani cewa wanda aka shafa wa mai, idan ya tashi daga ciwon, ba zai ƙara cin nama ko kusantar matarsa ba, kamar dai ya riga ya bar duniya. Tarukan bishop-bishop sun yi ta ƙaryata wannan, amma tsoron ya riga ya zauna, mutane suka riƙa jan ƙafa wajen kiran firist.

Majalisar Lyon ta biyu a 1274 da Majalisar Florence a 1439 sun lissafa shi cikin sakramenti bakwai. Martin Luther ya ƙi amincewa da hakan a wani littafinsa na 1520, yana mai cewa nassin Yakubu yana magana ne a kan warkar da marar lafiya, ba sallamar mai mutuwa ba. Majalisar Trent ta mayar da martani a zamanta na 14, a watan Nuwamba 1551, inda ta tabbatar da cewa Almasihu ne ya kafa sakramentin, Yakubu ya shelanta shi, kuma firist ne kaɗai mai ikon bayar da shi. Duk da haka Trent ba ta ce sai mai gargarar mutuwa za a yi wa ba.

Babban sauyi ya zo da Majalisar Vatikan ta Biyu (1962–1965). Kundinta a kan ibada, wanda aka fitar ranar 4 ga Disamba 1963, ya ce sunan "shafa mai ga marasa lafiya" ya fi dacewa, kuma lokacin karɓarsa ya yi da zarar mutum ya fara shiga haɗarin mutuwa saboda ciwo ko tsufa. Ranar 30 ga Nuwamba 1972 Fafaroma Paul na VI ya amince da sabon tsari, wanda ya zama wajibi daga 1 ga Janairu 1974. Dokokin da ake bi a yau suna cikin Kundin Dokokin Coci na 1983, doka ta 998 zuwa ta 1007, bayanin koyarwar kuma yana cikin Katakizim na 1992, sakin layi na 1499 zuwa 1532.

Yadda ake yinsa

Ana iya yinsa a gida, ko a asibiti, ko a coci, ga mutum ɗaya ko ga jama'a da yawa a lokaci guda, a cikin Misa ko a wajenta. Firist yana farawa da gaisuwa da yayyafa ruwan albarka. Idan majinyaci yana so kuma yana iya magana, sai kowa ya ba su wuri ya furta zunubansa. Daga nan a karanta nassi, a yi roƙo, firist ya ɗora hannu a kansa shiru, ba tare da cewa komai ba. Sai ya tsoma babban yatsa a man ya shafa a goshi, sannan a hannaye, yana faɗin kalmomin da aka ƙayyade, waɗanda ke roƙon Ubangiji ya taimaki majinyacin da alherin Ruhu Mai Tsarki, ya 'yanta shi daga zunubi, ya cece shi, ya tashe shi. Idan lokaci ya ƙure, kamar a wurin haɗarin mota, shafawa ɗaya a goshi ko a wani sashe na jiki ta wadatar. Kafin 1972 ana shafa idanu da kunnuwa da hanci da baki da hannaye da ƙafafu, ana neman gafarar abin da kowace gaɓa ta aikata. Tsohon tsarin ya fi karkata ga zunubi, sabon ya fi karkata ga ciwon da mutum yake ciki.

Doka ta ce firist ya shafa da hannunsa, sai dai idan akwai babban dalili. A lokacin annobar korona a 2020, firistoci a asibitocin ƙasashe da dama sun koma amfani da auduga ko safar hannu bisa wannan rangwame.

Man da ake amfani da shi ɗaya ne daga cikin mai uku da bishop ke tsarkakewa sau ɗaya a shekara, a wata Misa ta musamman da ake yi ranar Alhamis Mai Tsarki, kafin Ista. Idan taruwar firistoci a wannan rana za ta yi wuya saboda nisa, an yarda a yi ta a wata rana kusa da Ista. Kowane firist yana ɗibar rabonsa ya tafi da shi, kuma doka ta ba shi izinin yawo da ɗan ƙaramin mazubi domin larura. Asali man zaitun ne. Paul na VI ya lura cewa a wasu ƙasashe zaitun ba ya samuwa ko yana da tsada, don haka ya halatta kowane mai da aka tatso daga tsiro. Bisa wannan, man gyaɗa ko man riɗi ya halatta, man shanu bai halatta ba. Idan man bishop ya ƙare a lokacin buƙata, firist na iya sa wa wani albarka nan take, amma a cikin ibadar kawai.

Ana yawan haɗa wannan sakramenti da wani abu dabam da ake kira Viaticum, wato Jibin Ubangiji da ake ba wanda ke gab da mutuwa. Ma'anar kalmar a Latin ita ce abincin da matafiyi ke riƙewa, abin da Hausa ke kira guzuri. A koyarwar Cocin, guzurin ne sakramentin ƙarshe, ba shafa mai ba.

Waɗanda ake shafa wa

Sharaɗi shi ne mutum ya kasance mai baftisma, ya kai shekarun hankali (ana ɗaukar wajen shekara 7), kuma ciwo ko tsufa ya fara jefa shi cikin haɗari. Wanda za a yi wa babbar tiyata saboda ciwo mai haɗari ya cancanta. Tsohon da ƙarfinsa ya ragu sosai ya cancanta ko da likita bai gano wata cuta ba. Ana iya maimaitawa idan mutum ya warke ya sake kwantawa, ko idan ciwon ya ƙara tsanani. Wanda ya suma ko hankalinsa ya gushe ana yi masa, matuƙar akwai alamar da zai so hakan lokacin da yake cikin hayyacinsa. Sojan da zai tafi fagen daga ko fursunan da aka yanke wa hukuncin kisa ba sa cikin wannan rukuni, domin haɗarinsu ba na ciwo ba ne. Su ana ba su damar furta zunubi da karɓar Jibin Ubangiji.

Ba a shafa wa gawa. Idan firist ya iso bayan rai ya yi halinsa, addu'a kawai zai yi. Idan ana shakka ko mutumin ya cika ko bai cika ba, doka ta 1005 ta ce a yi masa. Ba a kuma sayar da shi: doka ta 848 ta hana a hana wa matalauci sakramenti saboda rashin abin hannu.

A wajen sauran Kiristoci

Cocin Otodoks na Gabas suna da shi a matsayin sakramenti. A cikakken tsarinsu firistoci bakwai ne ke yinsa, da karatu bakwai da addu'o'i bakwai, kuma a wasu ƙasashe ana shafa wa dukan jama'ar coci ranar Larabar da ke gabanin Ista. Cocin Angilika ta sa shafawar a littafin addu'arta na 1549, ta cire a na 1552, ta kuma dawo da ita a ƙarni na 20. ECWA da HEKAN da sauran cocin Furotesta na arewacin Najeriya suna yi wa marasa lafiya addu'a, amma ba sa lissafa shafa mai cikin sakramenti. A cocin Fentikostal kuwa man zaitun na kwalba ya zama ruwan dare, ana shafa shi ga mutum da mota da shago. Cocin Katolika ta raba kanta da wannan a fili. Wata takardar umarni ta Vatikan ta 1997 ta hana wanda ba firist ba ya yi shafawar da za ta yi kama da sakramenti, ko da man coci ko da wani mai, sannan wata sanarwa ta 11 ga Fabrairu 2005, mai ɗauke da sa hannun Kadinal Joseph Ratzinger, ta jaddada cewa shafawar dikin ko ta wani mabiyi ba ta inganta ba.

A kudancin Jihar Sakkwato

Ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe suna ƙarƙashin Dayosis ɗin Katolika na Sakkwato. (Kebbe ƙaramar hukuma ce a Jihar Sakkwato, ba Jihar Kebbi ba, ko da yake tana iyaka da ita da kuma Zamfara.) An kafa Sakkwato a matsayin yankin mishan mai zaman kansa a 1953, aka damƙa shi ga firistocin ƙungiyar Dominikan daga Amurka, ya zama cikakken dayosis a 1964. Bishop na farko shi ne Edward Lawton, wanda ya rasu a 1966. Michael Dempsey ya gaje shi daga 1967, sai Kevin Aje daga 1984, sai Matthew Hassan Kukah daga 2011. Babbar cocin dayosis ɗin ita ce Holy Family da ke birnin Sakkwato. Har zuwa watan Oktoba 2023 dayosis ɗin ya haɗa da Jihar Katsina, inda Hausawa Katolika 'yan asalin Maguzawa suka fi yawa, a kewayen Malumfashi da Kafur. A wannan wata aka yanke Katsina ta zama dayosis, aka naɗa Gerald Mamman Musa bishop ɗinta. Abin da ya rage wa Sakkwato har yanzu ƙasa ce mai faɗi: jihohin Sakkwato da Zamfara da wani ɓangare na Kebbi.

Mutanen Tambuwal da Kebbe Hausawa da Fulani ne, kusan dukansu Musulmi. Katolikan da ke irin waɗannan garuruwa galibi baƙi ne da aiki ko kasuwanci ya kawo: 'yan kasuwa Ibo, ma'aikatan lafiya, malaman makaranta, jami'an tsaro, masu yi wa ƙasa hidima. Garin Tambuwal yana kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, kimanin kilomita 100 daga Sakkwato. Kebbe ta fi shiga ciki, kuma ƙauyukanta da dama suna da wuyar zuwa da damina.

A nan ne tsohon suna yake yin ɓarna. A garin da gidan fada yake bayan coci, iyalin da suka jira sai ciwo ya kai maƙura suna iya dacewa. Inda firist zai yi tafiyar awanni, jinkirin yakan sa ya iso ya tarar da gawa, ita kuwa ba a shafa mata. Ga kuma matsalar tsaro a arewa maso yamma, wadda ta sa tafiyar dare ta zama kasada. Dayosis ɗin ya ɗanɗana wannan kai tsaye: a watan Mayu 2021 'yan bindiga sun kai hari cocin St. Vincent Ferrer a Malumfashi, suka kashe Fada Alphonsus Bello, suka sace Fada Joe Keke, sannan a watan Mayu 2022 aka sace Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara a Gidan Mai Kambu da ke Kafur. Kiran firist da tsakar dare, wanda shi ne hoton da mutane suka saba da shi a fina-finai, abu ne da yanayin yankin ba ya bari a dogara da shi.

Ƙananan majami'u na karkara a arewacin Najeriya sun dogara ne da katakis, wato malamin coci wanda ba firist ba. Shi ke jan addu'ar Lahadi, shi ke koyar da masu shirin baftisma, shi ke dubiya. Yana iya yi wa majinyaci addu'a, ya karanta masa nassi, idan an ba shi izini ya kai masa Jibin Ubangiji, har da guzuri. Abu biyu ne ba ya iya yi: sauraron furcin zunubi da shafa mai. An daɗe ana muhawara a cikin Cocin a kan ko ya kamata a ba dikin wannan iko saboda ƙarancin firistoci, masu goyon baya suna kafa hujja da wasiƙar Innocent ta 416. Sanarwar 2005 ta rufe ƙofar. Ana iya cewa hukuncin ya fi nauyi a kan Katolikan wurare irin su Kebbe fiye da na Roma ko Anaca, domin a can firist ba ya wuyar samu.

Maƙwabta Musulmi ba baƙi ba ne ga yawancin abin da ke cikin wannan ibada. Dubiya sunna ce, ana yi wa marar lafiya tofi, masu ruƙiyya suna amfani da man zaitun, ana kuma laƙƙana wa mai gargara Kalmar Shahada. Kamannin na waje ne kawai, domin aƙidar da ke ƙarƙashi ta bambanta. Babban bambanci a aikace shi ne, a Musulunci duk wanda ke kusa zai iya yin waɗannan, ba a jiran wani mai muƙami. Shi ya sa Musulmin da ke jinyar abokin aikinsa Katolika ba lallai ya gane dalilin da ya sa iyalin suke ta buga waya suna neman fada ba, alhali ga masu addu'a cike da ɗaki.

Hanyar da dokar Cocin ta tanada ita ce a yi da wuri. Doka ta 1001 ta ɗora wa masu kula da ikilisiya da dangin majinyaci alhakin ganin an yi masa sakramentin a kan lokaci. Wanda aka tura daga Tambuwal zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko zuwa Birnin Kebbi, ya matso kusa da firist, kuma yana iya neman a shafa masa kafin tiyata, ba bayanta ba. Doka ta 1002 kuma ta yarda a shafa wa marasa lafiya da tsofaffi da yawa tare a cikin Misa guda. Ikilisiyoyi da dama suna yin haka a Ranar Marasa Lafiya ta Duniya, 11 ga Fabrairu, wadda Fafaroma John Paul na II ya kafa a 1992, aka fara kiyaye ta a 1993. An yi babban bikinta na duniya a Afirka a Yamoussoukro ta Kwaddibuwa a 1995, da Yawunde ta Kamaru a 2005. A ƙauyen da firist ke zuwa sau ɗaya a wata ko fiye, ana iya tara tsofaffi da masu doguwar jinya a ranar ziyararsa, ya shafa musu mai suna zaune a kan benci, su koma gida da ƙafafunsu.